Farin Yadin Malam Uzairu

A Gangare, in aka yi rasuwa, kafin a aika wa masu haƙa kabari akan aika gidan Malam Uzairu tela. Shi ke ɗinka likkafani, kamar yadda mahaifinsa ya yi, kamar yadda kakansa ya yi tun da ya baro Barno ya zo Jos zamanin haƙar kuza. Aikin yana da ƙa'idarsa a gidan. Ba a sa wa yadin almakashi, yagawa ake yi. Ba a hawa keke, da hannu ake ɗinki, da zaren da aka zaro daga jikin yadin kansa. Ladan ɗinki kuwa babu shi. Ko godiya ta yi yawa, Malam yakan ɗaga hannu ya ce a bar ta haka.

Abu na biyu da ya gada daga kakan nan wani littafi ne na ajami, takardu warwara a cikin gafakar jar fata. Gara ta cinye takardar farko tun kafin a haifi Malam, saboda haka babu wanda ya san sunan littafin ko wanda ya fara tara shi. Maganganun sarakunan da ne da masanan da suka zauna da su. Takardun ba su da lamba. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne, a ƙasan kowace takarda mai rubutu ya ajiye kalmar da za ta buɗe ta gaba. In ka ga kalmar ƙasa ta yi daidai da ta saman mai bi mata, ka san kana kan hanya.

Duk Juma'a bayan la'asar akan karanta takarda biyu ko uku a zauren gidan. Tun da ciwon yana ya rufe wa Malam ido, 'yarsa Ummusalma ce ke karatun. Mijinta ya rasu, ta dawo gida, ta karɓi keken ɗinkin da allurar duka. Takan zauna daga bakin ƙofar cikin gida ta karanta, dattawa uku ko huɗu suna saurare.

A cikin littafin akwai sarkin da kullum yakan rubuta wa kansa wasiƙa. A ɗaya daga ciki ya ce: "Yau na yi fushi da mai kula da dokina. Kafin azahar dokin ya manta, kafin la'asar mutumin ya manta. Ni kaɗai na kai abin har shimfiɗata, kuma ni ake kira mai iko." Akwai sarauniyar da ta sa aka gina ƙofar ɗakinta gajera, don kada wuyanta ya manta yadda ake sunkuyawa. Akwai wani masani da aka tambaye shi me shekara tamanin ta koya masa, ya ce yawancin abin da ya ji tsoro bai zo ba, abin da ya zo kuma bai taɓa samunsa a shirye ba.

Yero, dillalin shanu, shi ne ba ya fashin zama. Bafillace ne, Malam kuma jikan Barebari, don haka tsokana ba ta ƙarewa tsakaninsu.

"Wannan sarki mai wasiƙa," in ji Yero, "da namu ne, da bai ma yi fushin ba tun farko."

"Da naku ne," in ji Malam, "da saniya zai rubuta wa wasiƙar, ya zauna jiran amsa."

A irin wannan zama ne wata rana Ummusalma ta tsaya a tsakiyar karatu. Ta juya takarda, ta dawo da ita, ta sake juyawa.

"Baba, an samu giɓi. A ƙasan wannan an rubuta 'Masaƙa', amma mai bi mata da 'Ruwa' ta fara. Akwai takarda ɗaya da ba ta nan."

"Littafi ne tsoho," Malam ya ce. "Ci gaba."

Ta ci gaba. Shi kuwa ya san inda takardar take, domin da hannunsa ya zare ta. Tana can ƙuryar ɗakinsa, cikin akwatin ƙarfe, a tsakiyar ninkin wani farin yadi da ya sayo a Makka shekarar da ya sauke farali, ya tsoma shi a ruwan Zamzam, ya shanya shi a can ya bushe. Duk unguwa an san Malam Uzairu ya tanadi likkafaninsa. Akan ma ba da misali da shi in ana maganar masu tuna mutuwa.

Akwai kuma abin da duk unguwa ta sani amma ba a faɗa a gabansa. Shekara ashirin da uku ke nan bai yi magana da Salisu direba ba, alhali gida huɗu ne tsakaninsu, kuma tare suka tashi. Malam ne ya ɗinka wa Salisu rigar angwancinsa. Salisu ne ya riƙe ragon suna ranar da aka raɗa wa ɗan Malam na fari Zainulabideen.

Zainulabideen ya girma ya kama sana'ar dankalin Turawa. Ranar da rikici ya ɓarke a garin, yana Bukuru, ya loda kayansa a motar Salisu, ya sauka ya koma cikin kasuwa neman wani abokin cinikinsa. Kafin ya dawo hayaƙi ya tashi, mutane suka yi ta ɗarewa motar, mata da yara sun fi ashirin, suna kuka suna dukan bodi. Salisu ya jira abin da ya jira, sannan ya ja mota. Daga ranar ba a sake ganin Zainulabideen ba. Ba gawa, ba labari, ba ko takalmi. Mutumin da ya suturta rabin mamatan Gangare bai samu ya suturta ɗansa ba.

Sau uku Salisu ya zo ya yi sallama a zaure, hannunsa a ɗaure da bandeji, saboda ya koma Bukuru da ƙafa a yinin nan neman Zainulabideen, aka sare shi a hanya. Malam ya ji wannan labari. Bai fito ba. Daga baya in Salisu zai wuce shago yakan ce, "Malam, barka da aiki," Malam kuma ya duƙufa a kan keke. Haka suka tsufa. Hasiya, matar Malam, ta yi ta roƙo har ta koma ga Allah bai sauko ba.

To, a watan Agusta na bana gari ya sake ɗaukar zafi, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Kasuwanni suka rufe. A kwana biyun farko Ummusalma ta ɗinka likkafani tara, bandir ɗin alawayyo da ke shago ya ƙare tas. Kwana na huɗu da safe, ana yayyafi, sanyin Jos yana shiga har ƙashi, Yero ya biyo ta lungu ya yi sallama. Bai kira Malam Babarbare kamar yadda ya saba ba. Daga nan Malam ya san ba lafiya.

"Salisu ya cika," Yero ya ce bayan ya zauna. "Bayan asuba. Ciwon nan nasa ne, maganin ya ƙare tun shekaranjiya, ba hanyar asibiti."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Malam ya ce. Muryarsa ta fita daidai, har ya yi mamakin kansa. "Allah ya jiƙansa."

"Amin. Mai unguwa ya yi magana da sojojin bakin titi. Sun ce ƙarfe biyu, mota ɗaya, mutum goma, a je a dawo. In lokacin ya wuce sai gobe, goben ma ba tabbas." Yero ya murza hularsa a gwiwa. "Babu yadi a gidan. Matarsa Hauwa'u ta zazzage akwatunanta, abin da ta samu mai girma zanin gado ne, mai furanni ja da shuɗi. Liman ya ce in babu wani, ya halatta. Na ce bari in zo ko akwai guntu-guntu a shago da za a haɗa."

Ummusalma, da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Baffa Yero, ko na ɗaurin yatsa babu. Amma bari in kira Madam Okwuchi."

Okwuchi ce ke sayar musu da alawayyo shekara da shekaru, shagonta na kasuwar Taminus. Ummusalma ta buɗe muryar wayar don su ji.

"Baba tela, ina kwana? Yadi yana nan, bandir uku, amma shago yana kulle, soja ya cika titi. Ko ƙofar gida ban iya fita, tun jiya garin kwaki muke sha. Waye ya mutu?"

"Salisu direba," in ji Ummusalma.

"Kai! Oga Salisu? Dogo ɗin nan? Shi ne yana ɗauko mini kaya da, ko yadi ɗaya bai taɓa ɓata ba. Eyya. Allah ya ba ku haƙuri. Baba tela, ka yi haƙuri, abokinka ne ko?"

Ummusalma ta yi mata godiya ta kashe wayar.

Ruwa yana ta ƙara a kwanon rufi. Malam ya san abin da ke ran Yero, Yero ma ya san ya sani. Babu wanda ya ambaci akwati.

"Ban zo roƙonka komai ba," Yero ya ce yana miƙewa. "Na zo ne don kada ka ji a bakin wani. Ana ɗora ruwan wanka. Ƙarfe ɗaya za mu naɗe shi da abin da ke akwai."

Bayan ya fita Malam ya ce, "Ummu, ɗauko farar rigata ta Juma'a. Ki farke aikin wuyan, ki buɗe ta, ki ga abin da za ta bayar."

Ta ɗauko ta shimfiɗa a tabarma, ta auna da kamun hannu, ta sake aunawa.

"Baba, ba za ta kai ba. Baba Salisu dogo ne. Ko an haɗa da rawaninka, ƙafafunsa a waje za su tsaya."

"To ki haɗa da wandon."

"Ko da wandon." Ta ninke rigar a hankali, ba ta dube shi ba. Ummusalma ba mai yawan magana ba ce, tun tana ƙarama in za ta faɗi abu mai nauyi sai ta nemi abin da za ta riƙe a hannu. "Baba, akwai na cikin akwati."

"Wannan ba na bayarwa ba ne."

"In kasuwa ta buɗe sai a sayi wani. Alhazai suna dawowa da Zamzam duk shekara, ko jarka guda ce za a samu a yayyafa."

"Na ce ba na bayarwa ba ne!" Ya buga sandarsa a ƙasa. Bai tuna rabon da ya ɗaga mata murya ba. Sai kunya ta kama shi, kunyar kuma ta buɗe masa baki ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Hasiya. "Ba nawa ba ne, Ummu. Mutane ne suka ce nawa ne, na bar su a haka. Na yayanki ne. Da na tsaya gaban mai yadi a Makka, tsawon Zainu na auna. Na ce wata rana za a yi haƙa a wani wuri, ko ruwa ya zaizaye wani rami, a zo a ce mini ga abin da aka samu. Ko ƙashi uku ne, in naɗe shi da hannuna. Shi nake jira. Yanzu ki ce in ɗauka in rufe mutumin da ya tafi ya bar shi?"

Ummusalma ta share ido da gefen mayafinta. Ta ɗauki rigar ta shige ciki.

Malam ya lallaba bango ya shiga ɗakinsa. Ya durƙusa da ƙyar ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Ba don ya bayar ba, ya gaya wa kansa, don ya taɓa ne kawai. Duk shekara yakan fito da yadin ya sha iska, ya sake masa kanumfari saboda asu. Ya ɗaga murfi, ƙamshin ya taso. Ya ɗora yadin a cinya, ya zura hannu cikin ninkin, yatsunsa suka ci karo da takardar.

Ya san abin da ke cikinta kamar sunansa. Shekarar da ya dawo daga Makka ya zo kanta a karatun Juma'a, ya karanta layi biyu ya ji kamar da shi ake, ya ce wa jama'a idonsa na ciwo. Da aka watse ya zare ta. Bai iya yaga rubutun kakansa ba, bai kuma iya barinta inda za a sake karanta masa ita ba.

"Ummu," ya kira. Da ta zo ya miƙa mata. "Duba kalmar farko."

Ta matsa kusa da taga. "Masaƙa," ta ce.

"Karanta."

Ta karanta a hankali, yadda take yi a zaure.

"Masaƙa goma sha biyu wani sarki ya tara a ƙarshen zamaninsa, suka saƙa masa likkafani da audugar da babu irinta a ƙasar. Sannan ya sauka daga mulki. Ya raba dawakinsa, ya 'yanta bayinsa, ya buɗe rumbunansa, ya koma wata bukka a bayan gari, ba shi da komai sai akwati guda da likkafanin a ciki. Mutane suka yi ta zuwa kallon sarkin da ya bar duniya. Wata rana wani tsohon masani ya zo. Sarki ya buɗe akwatin ya nuna masa, ya ce, ka gani, daga duk abin da na mallaka wannan kaɗai ya rage. Masanin ya ce, akwai baƙon da ya mutu a ƙofar gari yau, ba shi da kowa. Ba ni wannan in rufe shi. Sarki ya dafe murfin da hannunsa. Masanin ya ce, ashe masarautar tana nan. Ƙanƙancewa ta yi ta shiga akwati."

Ta tsaya.

"Akwai rubutu a gefe," Malam ya ce. "Ƙanana. Hannun kakana ne."

Ta karkata takardar. "An rubuta: Ba a faɗa mana ko ya bayar ba. Na tambayi malamina, ya ce shi ma bai sani ba."

"Sarkin nan bai rasa ɗa ba," Malam ya ce da ɗaci. "Sauƙin magana gare su, mutanen da. Baƙo aka ce masa. Baƙo bai yi masa komai ba."

"Haka ne, Baba."

"Je ki."

Ta ajiye masa takardar a gefen gado ta fita. Ruwan ya ɗan tsagaita. Ta bayan katanga yana jin mata suna wucewa da bokitai zuwa gidan Salisu, wata tana cewa a yi sauri itacen ya jiƙe. Wani ya buɗe rediyo ya rufe. Malam ya shafa yadin, sanyi ƙalau, santsi kamar ranar da ya saye shi.

Ya yi niyyar yin addu'ar da ya saba yi duk lokacin da ya buɗe akwatin. Addu'a ɗaya ce shekara ashirin da uku, bayan kowace salla ma ita ce: Allah, in Zainu ya riga mu, ka sa wani ya same shi. Ka sa wani ya rufe shi, ko da tsumma ne, ko da buhu ne. Ka sa kada mutumin ya tsaya tambayar ɗan waye, ko daga wane ɓangare yake, ko me ubansa ya taɓa yi.

Ya kai tsakiya ya kasa ƙarasawa. Ya daɗe yana roƙon a samu wani mutum a wani lungu na Bukuru wanda zai buɗe akwatinsa ba tare da ya yi tambaya ba. Bai taɓa ganin fuskar mutumin ba, amma ya ƙaunace shi, ya sa shi a addu'a tare da iyayensa. Yau ga gawa gida huɗu daga nan, ga akwati a buɗe, ga shi zaune yana tambaya.

Ya tuna Salisu a zaure da bandeji, yana cewa, "Malam, ka fito ko zagina ne ka yi." Ya tuna mata da yaran da ke cikin motar nan. Wasunsu suna unguwar har yau, sun yi aure sun haifa, yana jin muryoyin 'ya'yansu a lungu. Bai taɓa yarda ya haɗa waɗannan muryoyi da motar Salisu ba.

Zuciyarsa ba ta yi sanyi ba. Ya jira ta yi, ba ta yi ba. Ya ga in ya ce sai ta yi, ƙarfe ɗaya za ta wuce.

"Ummu! Kawo tabarma babba. Ki wanke hannu."

Suka shimfiɗa yadin a tsakar ɗaki. Malam ya kama baki ya fara aunawa daga gwiwar hannu zuwa yatsa.

"In je in tambayo tsawonsa?" Ummusalma ta ce.

"Ni na ɗinka masa rigar aure. Ya fi yayanki da taƙi ɗaya da yatsa uku. Za mu rage rawanin, mu ƙara wa mayafan."

Ya sa haƙori ya tsaga bakin yadin, ya kama da hannu biyu. Nan ya tsaya. Ummusalma ta kawar da kai. Ya ce bismillahi, ya ja. Ƙarar yagewar ta cika ɗakin. Bayan ta farko sauran ba su yi wuya ba. Riga, zane, rawani, mayafi biyu. Ummusalma ta zaro zare daga gefe ta zura masa a allura, domin idonsa ba ya ganin kafar, amma ɗinkin bai bar mata ba. Da lalube ya yi shi, yatsa na bin yatsa, bai karkace ko sau ɗaya ba.

Sha biyu da rabi suka gama. Ta ninke ta ce za ta ba wani ya kai.

"Ba ni sandata," ya ce.

Ya fita da likkafanin a ƙirji, ya rufa masa bargo saboda yayyafi. Lungun duk taɓo ne. Gida huɗu ne, amma ƙafarsa ta manta hanyar, sai da ya dafa bango yana ƙirga ƙofofi. Mutanen da ke tsugune a zauren Salisu suka ga mai shigowa, suka dubi juna. Yero ne ya fara tashi ya kama masa hannu ya tsallakar da shi dokin ƙofa. Ya taɓa yadin, ya ji ƙamshin kanumfari, ya gane.

"Babarbare," ya ce ƙasa-ƙasa, "ashe kana da hankali."

"Rufe mini baki, Bafillace. Kai ni wurinsa."

An riga an yi wanka. Zanin gadon mai furanni yana ninke a gefe, ana jira. Malam ya durƙusa, ya laluba ya sami fuskar. Ta rame, gemun ya yi laushi. Ya sami hannun dama, ya bi shi har ya ji tabon saran, dogo, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Bai taɓa sanin girmansa ya kai haka ba. Ya riƙe wurin jim kaɗan.

"Salisu," ya ce, "na fito."

Shi ya sa masa riga, shi ya naɗa rawanin, shi ya ɗaure mayafan. Yadin ya kai har tafin ƙafa, ya ɗan rage na ɗauri.

Daga bayan labule Hauwa'u, matar mamacin, ta yi magana da muryar da kuka ya dushe. "Malam, an ce kai ne. An ce naka ka kawo. Me za mu ce maka?"

"Kada ki ce komai, Hauwa'u. A gidanmu ba a karɓar godiya a kan wannan. Ki yafe mini tsawon lokacin da na ɗauka."

Da aka zo ƙirga mutum goma, wani ya ce Malam ya zauna saboda idonsa da santsin hanya. Malam ya ce shi ne na farko, a ƙirga tara. A maƙabarta sojoji biyu suka tsaya daga nesa, ɗaya yana duba agogo. Aka sa Salisu, aka jera itace, aka fara turo ƙasa. Malam ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu ya zuba. Ya yi wa Salisu addu'a. Sannan, a karo na farko, ya yi wa Zainulabideen addu'ar da ake yi wa wanda aka binne, ba ta wanda ake jira ba. Hawayen da suka zo masa Yero kaɗai ya gani, shi ma ya yi kamar yana gyara lema.

La'asar ta yi kafin su dawo. Ya sami Ummusalma ta share zaren da ya zuba a ɗaki, akwatin yana nan a buɗe, babu komai ciki sai 'ya'yan kanumfari.

"Baba, in mayar da shi ƙarƙashin gado?"

"Ki juye kanumfarin a kicin. Akwatin ki zuba zarurrukanki, kin daɗe kina cewa ɓera na ɓata miki su." Ya zauna bakin gado ya cire takalmin da ya yi nauyi da taɓo. "In an buɗe gari ki kira Okwuchi ta kawo bandir biyu. Ranar da tawa ta zo, ki yaga mini daga wanda ke shago, kamar kowa."

"Allah ya ja da ranar."

"Amin. Ina gafakar?"

Ta kawo. Ya miƙa mata takardar da ke gefen gado. Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya har ta sami wadda aka rubuta "Masaƙa" a ƙasanta, ta ɗora wannan a bayanta. Ta duba ƙasan wadda ta dawo, ta duba saman mai bi mata.

"Ruwa," ta ce. "Sun haɗu."

"To ki ɗaure. Ranar Juma'a daga nan za ki fara, in Yero ya zo."